Injin Cusa Kara Cikin Ƙasa: Lissafin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Gaya Su Yi Kafin Su Zuba Jari

Tun daga ƙarshen watan Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin da ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, harkar kasuwanci a Gaya ba ta koma yadda aka san ta ba. Idan mai karatu bai manta ba, an ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, aka kuma buɗe iyaka da Nijeriya a watan Maris na wannan shekarar, amma hukumomin Yamai suka bar gadar Malanbil a rufe. Haka 2024 da 2025 suka wuce, manyan motocin da suka saba tasowa daga Kwatano suna zagayawa ta Lome da Burkina Faso, ƙananan 'yan kasuwa kuma suna tsallaka kogi da jiragen kwale-kwale. Garin da cinsa da shansa suka dogara a kan kayan da ke wucewa, daga mai sito har ɗan dako da mai tuwo-tuwo ta bakin tasha, ya ji a jikinsa.

Jari kuwa ba ya son zama. Idan hanya ta toshe masa sai ya nemi wata, kuma a Gaya hanyar da ta fi kusa ita ce gona. Nan ne aka fi samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga kogi, ga fadamun Dallol Mauri da na Foga, ga gandayen shinkafa irin na Tara. Gwamnati ma ta sa noman rani a gaba ta hannun hukumar ONAHA. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan Alhajin da a da lissafinsa na kwantena ne, yau ya koma tambayar kuɗin tarakta, ko Hajiyar da ke sarin shinkafa ta fara tunanin ko ita da abokan adashinta su haɗa kuɗi su sayi ƙaramin injin noma su riƙa ba da haya. A cikin injinan da ake kwaɗaita wa mutane akwai wanda muke son mu tsaya a kansa yau, wato mai burkita saman ƙasa ya cusa kara da tushiya a cikinta domin su ruɓe su zama taki.

Ba garmar nan ba ce mai nitsewa ta kifar da ƙasa. Iri biyu aka fi gani a wajenmu. Akwai mai faya-fayan ƙarfe da tarakta ke ja, yana sare tushiya yana cakuɗa ta da ƙasa. Akwai kuma mai wuƙaƙe masu juyawa, wanda ake ɗaura wa ƙaramin injin nan mai ƙafa biyu da mutum ke bi a baya yana riƙe da hannayensa, wanda ake kira motokilta. Idan don wannan aikin ne, ana saita su ne kada su wuce santimita 5 zuwa 10, wato kamar tsawon yatsa. Dalili kuwa shi ne a nan sama-sama iska take, a nan kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da kara suke aikinsu. Idan aka binne kara can ƙasa, musamman a fadamar da ruwa zai kwanta, sai ya yi tsami maimakon ya ruɓe, ya cutar da saiwar dashe. Asalin dabarar ba baƙuwa ba ce. Hauyar tsaye da kakanninmu suka yi noma da ita saman ƙasa kawai take karta. Abin da injin ya ƙara shi ne sauri da ƙarfin sare kara.

To, me ke cikin karan da har za a ƙona gazuwal a kansa? A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya ɗauko biro. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin, ta auna cewa tan ɗaya na karan shinkafa yana ɗauke da kilo 5 zuwa 8 na naitirojin, wato sinadarin da manomi ke nema idan ya sayi yuriya, da kuma kilo 12 zuwa 17 na fotashiyam. Iyayenmu mata sun san fotashiyam ko da ba da wannan sunan ba, domin shi ne ƙarfin da ke cikin tokar kara da suke tacewa su zuba a miya ko su dafa sabulu. Gonar da ta ba da tan ɗaya na shanshera takan bar kusan tan ɗaya na kara. A gandayen da ke bakin kogi, rabon mutum sau da yawa kwatan eka ne ko rabi. Idan kwatan eka ta ba da tan ɗaya, to karan da ta bari yana ɗauke da naitirojin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buhun yuriya mai kilo 50, da fotashiyam da ya kai na buhu biyu ko fiye na takin kamfa mai lamba 15-15-15. Wannan a girbi ɗaya ke nan, ga shi kuma sau biyu ake girbi a shekara.

A lokacin da CAIMA ke sayar da buhun taki mai rangwame a kan jika 13 da rabi, mutum na iya kawar da kai daga wannan lissafin. Amma an sake fasalin kasuwar takin daga 2018, aka bar wa 'yan kasuwa shigo da shi, sannan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, farashi ya haura jika 20 ya yi gaba. Daga bisani rufe iyaka ya ƙara wa dawa ruwa. Saboda haka wanda ya cinna wa tulin karansa wuta, kuɗi ya ƙona: kusan duk naitirojin ɗin yana tafiya da hayaƙi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ta fuskar fotashiyam, wanda ya ƙona ya fi wanda ya sayar sauƙin asara, tunda mafi yawansa yana nan cikin tokar, ko da yake a wuri ɗaya ta taru inda aka yi sussuka. Wanda ya loda wa amalanke kuwa, duka ya kwashe, bai bar wa gonar komai ba.

Wani hanzari ba gudu ba. Duk wannan lissafin na wanda karansa ke kwance ne babu mai so. Shin haka abin yake a Gaya? Kowa ya san ba haka ba ne. Kara ya daɗe da zama haja. Harawar wake da ta gyaɗa ba sa ma kwana a gona, ana ɗaure su dami-dami a ɗora kan rufin ɗaki ko cikin reshen itace, a jira watan Afrilu da Mayu lokacin da farashinsu zai tashi. Karan dawa da na gero suna tafiya darni da rumfa da murhu. Karan shinkafar ma da a da ake rainawa, yanzu masu turke suna bin sa har bakin gona. Bayan daminar 2021 gwamnati ta ba da sanarwar giɓin abincin dabbobi na sama da tan miliyan 15, kuma ba wannan ne karo na farko da aka yi irin wannan giɓin ba. Tun a watan Disambar 2019 Jamhuriyar Benin ta hana shigar garken shanu daga maƙwabta, abin da ya sa dabbobin da suka saba tsallake kogi da rani suka riƙa cunkushewa a wannan gefen. A watan Mayun 2025 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi waje gabanin babbar Salla. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, ma'anarsa baki ya ƙaru a kan kara ɗaya.

Ke nan injin cusa kara ba fili ya tarar ba, kasuwa ya tarar, kuma a kasuwar akwai wanda ya riga shi tayi. Manomin da aka ce masa ya bar karansa a gona, ya kuma biya kuɗin haya da na mai a cusa masa shi, alhali ga mai amalanke tsaye da kuɗi a hannu, ga bashin kuɗin ruwa na ƙungiyar gandu yana jiransa, mun san abin da zai zaɓa, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Ribar taki sai an jira girbi biyu ko uku kafin a gan ta sosai, bashi kuwa yau ake bin sa.

Masu tallar waɗannan injina sukan kafa hujja da ƙasar Indiya, kuma gaskiya ne can ana amfani da su. A jihohin Punjab da Haryana, tsakanin yankan shinkafa da shukar alkama makonni biyu ne zuwa uku, manoma ba su da lokaci, sai su banka wa gonaki wuta, hayaƙin ya turnuƙe birnin Delhi duk watan Nuwamba. Daga 2018 gwamnatin ƙasar ta fara biyan rabin kuɗin injin ga manomi ɗaya, kashi 80 cikin ɗari kuma ga ƙungiyoyi. Amma a lura da bambanci. Su matsalarsu kara ya yi yawa babu mai saye, domin dabbobinsu karan alkama suka fi ci. Mu kuwa masu saye ne suka fi karan yawa. Maganin da aka haɗa don ciwon wani ba lallai ya dace da namu ba.

A ganinmu, inda injin zai ci kuɗinsa a yankin Gaya shi ne fadamar shinkafa, musamman bayan girbin rani, lokacin da damina ta ƙarato, ciyawa ta kusa tsirowa, darajar kara ta fara faɗuwa, ga kuma gaggawar shirya gona. Ƙasar fadama laka ce mai nauyi, iska ba ta ɗaukarta, dama kuma sai an burkita ta kafin dashe, saboda haka ba wani sabon kashe kuɗi ba ne mai yawa. Ko an kwashe dogon karan ma, tushiyar da lauje ya bari da ɓurɓushin wurin sussuka ba ƙaramin abu ba ne idan aka baza su aka cusa maimakon a ƙona. Sai dai aikin yana da ƙa'ida, kuma mai ba da hayar da bai san ta ba zai ɓata sunansa a kaka ɗaya. Dole a baza karan ko'ina, kada a bar shi tuli. Dogon kara yakan naɗe wa wuƙaƙen injin ya tsayar da shi, don haka sai an daddatsa. Sannan a yi aikin da wuri, cikin makonni biyu zuwa uku bayan yanka, tun ƙasa na da ɗan danshi, a bar shi ya samu aƙalla makonni uku ko huɗu kafin a sako ruwa a yi dashe. Dalili shi ne ƙananan halittun da ke ruɓar da kara su ma naitirojin suke ci a farkon aikinsu. Wanda ya cusa yau ya dasa jibi zai ga shinkafarsa ta yi rawaya, ya ce injin ne ya kashe masa gona, alhali gaggawa ce.

A jigawa kuwa, inda ake gero da wake a kan rairayi, labarin ya sha bamban, kuma a nan muke jin tsoro. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, tun daga shekarun 1980, wanda masana irin su Dokta André Bationo suka yi aiki a kai, ya nuna cewa karan gero da aka bari shimfiɗe a saman ƙasa yana ƙara amfanin gona ƙwarai, musamman idan an haɗa da ɗan takin zamani. Yana tare ƙurar da iska ke kawowa, yana rage zafin ƙasa, yana kāre ƙananan tsirrai daga rairayin da guguwar farkon damina ke watsawa, gara kuma ta ja shi ciki da kanta, ta bar ramukan da ruwa zai bi. Wato a can akwai mai cusa kara kyauta, ba ya shan gazuwal. Har ma kwantar da karan a ƙasa cikin zafin rani yana kashe da yawa daga tsutsar da ke ɓuya a cikinsa tana jiran damina. Idan kuwa aka saka faya-fayan tarakta a busasshen rairayi da rani, an niƙe shi ke nan an miƙa wa iska. Amurka ta ɗanɗana wannan a shekarun 1930, lokacin da aka nome filayen tsakiyar ƙasar aka bar su tsirara, fari ya zo, ƙura ta kwashe gonaki, dubban iyalai suka yi hijira. Hukumar INRAN tana da tashoshin gwaji a Tara da Bengu, a cikin wannan yanki namu. Ya kamata ma'aikatanta su fito gidajen rediyo su faɗa wa mutane wace ƙasa ce ke ɗaukar injin, wace ce ba ta ɗauka, kafin dillalai su faɗa musu nasu.

Akwai kuma maƙwabcin da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, wato makiyayi. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar da abin da al'ada ta sani, cewa bayan kaka hukuma na tsayar da ranar sakin gonakin damina domin dabbobi su shiga kala. A da har manomi kan ba Bafillace damin gero don ya kwana da shanunsa a gonarsa su bar masa taki. Wannan ciniki ya yi rauni tun da aka fara kwashe kara ana sayarwa. Idan aka zo kuma ɗan abin da ya rage aka binne shi da inji kafin ranar saki, shanun za su tarar da ƙasa fayau, kuma saniya mai yunwa ba ta san iyakar lambun rake ko na rogo ba. Ba sai mun tuna wa kowa abin da irin wannan rikici ya jawo a Toda ta jihar Maraɗi a 1991 ba. Masu unguwanni da kwamitocin filaye su san da wannan tun kafin injinan su yawaita.

Game da sayen injin kansa, tarihi ya ishe mu darasi. A zamanin shirin 3N an shigo da taraktoci daga ƙasar Sin ta hannun CAIMA, kafin nan ma an yi wasu shirye-shiryen, kuma duk mai yawo a ƙasar nan ya ga gawar tarakta a harabar wani ofishi, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Galibi ba babban abu ne ya kashe ta ba, wani ɗan ƙarfe ne aka rasa. Wuƙaƙen injin burkita ƙasa suna cinyewa da sauri, bel na tsinkewa, boris na mutuwa, kuma a tsakiyar aiki suke yi, lokacin da manoma goma ke layi. Wanda zai jira a kawo masa kayan gyara ta doguwar hanya ya rasa kakar. Ga batun mai. Cire tallafin fetur da Nijeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya kawo ƙarshen arahar man bumburutu da garuruwan iyaka suka saba da ita, kuma ko da gwamnati ta rage litar gazuwal zuwa sefa 618 a watan Yulin 2024, mun ga yadda layukan mai suka yi tsawo a watan Maris na 2025. Shi ya sa muke ganin ɗan kasuwar da ya buɗe shagon wuƙaƙe da bel da boris, ya ɗauki makaniki ɗaya mai hannu, ya haɗa kai da maƙeran gari, zai fi wanda ya jera sababbin injina a ƙofar shago cin riba mai ɗorewa. Kayan irin waɗannan ana samunsu ta Kamba, domin noman shinkafa ya bunƙasa a jihar Kebbi tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwambar 2015. Kuma kafin a biya kuɗin inji, a fara zama da shugabannin ƙungiyar gandu a san eka nawa za su ba da a kaka, a kan nawa, kuma da kuɗi za a biya ko da buhun shanshera. Mai kwatan eka ba zai taɓa sayen inji ba, haya kawai zai iya, kuma injin da bai samu gonaki masu yawa a jere ba, yawo zai cinye ribarsa.

Sai mu juyo ga iyayenmu mata, domin a gaskiya mafi yawan karan da ya bar gona a hannunsu yake ƙarewa. Su ne masu turken ragunan layya a bayan ɗaki, su ne masu gumin shinkafa da ke hura wuta da ɓuntu, su ne masu tuya da kara. Ba mu ce kowa ta daina ba, sana'a ce ta halal da ke biyan kuɗin makaranta da kayan ɗakin 'ya'ya. Abin da muke cewa shi ne ƙarfin gonar da ya shigo gari bai ɓace ba, yana nan a ƙarƙashin turke da cikin murhu. Dabba ba ta riƙe sai kaɗan daga sinadaran da ta ci, sauran tana mayarwa. Mafi yawan fotashiyam da wani babban kaso na naitirojin kuwa ta fitsari suke fita, shi ne kuma wanda ƙasar gida ke shanyewa a banza. Idan aka riƙa shimfiɗa ragowar karan da ragon ya ƙi ci a ƙarƙashinsa ya tsotse fitsarin, aka tara shi da kashin da tokar murhu a rami ɗaya a inuwa, ana ɗan yayyafa ruwa, to an samu takin da ya riga ya fara ruɓa, wanda ba ya sa dashe rawaya. Irin wannan ne ma injin ya fi iya cusawa, tunda ba ya naɗe masa wuƙa, kuma cusa shi da wuri yana hana rana da iska cinye ƙarfinsa.

Masu lambun albasa da rake da kayan miya a Tara da Tanda da Tunuga sun san darajar takin gida, ba sai an yi musu talla ba. Amalanken da ke shigowa gari da lodin kara yakan koma gona ba komai a kansa. Ƙungiyar matan da ta tara takin unguwarsu wuri ɗaya ta daidaita da mai amalanken a kan kuɗin komawa, jarin da take buƙata bai wuce shebur da tsofaffin buhuna ba, kuma hajar ba ta bi ta gada balle a tsayar da ita a duwan.